Yadda Mota Ta Kwasa da Mu a Hanyar Tsafe

Tun da na dawo daga Tsafe ban huta ba. A ofishin malamai tambaya, a gidan biki tambaya, waya kuwa har na fara kashe ta in zan ɗan kishingiɗa da rana. "Malama Rakiya, wai da gaske ne kin tashi take sojoji?" Wata ta ce an gaya mata har harbi aka yi. Wata kuma ta ce ta ji an ce waya nake yi ina tuƙi. Ni da ko rediyo ba na kunnawa in ina bisa titi! To, ga shi zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Wadda ta sake tambayata bayan wannan, sai dai ta je ta tambayi sojojin.

Waɗanda suka san gidana sun san faman da na sha kafin Abban Nafisa, maigidana, ya yarda in riƙe makullin mota. Motar tawa ce, gumina ne, amma sai da na yi ta roƙo kamar mai neman aron zani. Shi a wurinsa mace tana iya tuƙi daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa kasuwa, amma babban titi na maza ne. Kullum maganarsa guda: "Ku mata in kun firgita, ba ku san birki da totur ba."

Sai ƙanwarsa Hauwa ta haihu a Tsafe. Inna, mahaifiyarsu, da ke zaune a Bungudu, ta ce dole ta kwana can jajibirin suna, kuma ita ba ta shiga motar haya a matse ta kamar buhun gero. Shi kuma ranar yana da aikin ofis da ba ya barinsa, sai dai ya biyo mu ranar sunan. Ya juya ta nan, ya juya ta can, bai ga mafita ba sai ni. Da zai fita ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ki ji da kyau. Ko fenti kika goge, kin gama tuƙi. Ba na babban titi kaɗai ba, har na cikin gari. Ki koma wa kabu-kabunki."

Kun san abin da kabu-kabu yake nufi a wurina: littattafan yara a ƙirji, ruwan sama a ka, in isa makaranta da taɓo har gwiwa. Na ce masa na ji, in sha Allahu ko ƙura ba za ta yi ba.

Da sassafe na kama hanyar Bungudu, na isa lafiya lau, ina jin kaina kamar direban gwamna. Na tarar Inna ta fito da kaya ƙofar gida kamar mai ƙaura. Ga kabewa, ga daddawa, ga kanwa da yajin mai jego, ga zakara da kaza an ɗaure masu ƙafafu. Can gefe kuma ga damin itace.

"Inna, itacen fa?"

"Na wankan jego na."

"A Tsafe babu itace ne?"

"Itacen Tsahe hayaƙi gare shi," in ji ta, ko kallona ba ta yi ba. "Shiga ciki ki gaisa da mutane, ki sha hura. Bar min motar buɗe in aza kayana da hannuna, ban son a murƙushe min daddawa."

Na shiga, aka yi ta gaishe-gaishe. Kun san Bungudu, ba a gaisuwa a tsaye. Sai an tambaye ki lafiyar kowa, har akuyar da kika sayar bara. Da na fito, sai na ga Inna tana fitowa da baya-baya daga wajen kujerar direba, gwiwoyinta duk ƙasa, tana haki.

"Inna, me kike nema a nan?"

"Gorona ya hwaɗi."

Na ce Allah sarki, har na taya ta kakkaɓe zani. Ku riƙe wannan goron, zai dawo.

Muka biyo ta Gusau muka tsaya Sabon Gari ɗaukar Maman Bulus. Mutuniyar Jos ce, Kirista, mai sayar da atamfa da leshi, ƙawar Hauwa tun lokacin da Hauwa take koyon ɗinki kusa da shagonta. Ita ba ta tafiya ko ta nan da can ba da kular abinci ba, don haka ta shigo da shinkafa da miya a cinya, ta zauna baya tare da kajin. Inna tana gaba da carbinta. Muka yi addu'a, kowa da irin tasa, muka ɗauki hanya tun rana ba ta yi tsaka ba, domin ba mai hankalin da ke son la'asar ta same shi a wannan titin.

Ga wadda ba ta taɓa bin hanyar ba, akwai shingayen sojoji, kuma akwai ladabin isa gare su. Tun daga nesa za ki rage gudu, ki sauke gilashi, ki ajiye waya, hannuwanki bisa sitiyari inda za a gan su. Kowa ya san dalili. Motar da ta tunkari shinge a guje, ba a tsayawa tambayarta daga ina. Na wuce na farko yadda ya kamata, har sojan ya ce mani "Sannu, Hajiya." Na ce a raina, ina ma Abban Nafisa yana nan ya gani.

Mun ci fiye da rabin hanya sai muka cim ma wata tirela shaƙe da buhuna, tana tafiyar hawainiya, tana feso mana baƙin hayaƙi. Na bi ta a baya ina haƙuri. Inna ta fara tari. Maman Bulus ta ce, "Malama, wuce shi mana, ko so kike mu isa gidan suna muna warin gas?"

Na leƙa, ba mota mai zuwa. Na fita, na taka totur. Tirelar doguwa ce, sai na ƙara takawa har ƙasa, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara tuƙi, domin a cikin Gusau ina za ki da wannan gudun? Muka wuce ta fuu, na dawo hannuna, na ɗaga ƙafa.

Mota ba ta rage ba.

Na ɗaga ƙafata, jama'a. Wallahi na ɗaga, Allah shi ne shaida. Amma injin ya ci gaba da ruri, allurar maleji tana hawa kamar wani ne ya zauna bisa totur ɗin. Na taka birki. Ta ɗan ja baya kamar jakin da aka riƙe wa wutsiya, sannan ta sake fizga. Har na saci kallon ƙasa don in tabbata, na ga ƙafata ƙiri-ƙiri bisa birki. Da na ɗago ido sai na hango durom-durom da buhunan yashi can gaba. Shinge.

"Yesu! Yesu! Malama, kashe ta! Zare makulli!" Maman Bulus ke nan, ta miƙo hannu za ta ja birkin hannu.

"Kada ki taɓa!" na daka mata tsawa. Wanda ya koya mani tuƙi ya sha gaya mani, in mota tana gudu aka kashe ta, sitiyari ƙagewa yake yi, in kuma aka fizgi birkin hannu juyawa take yi. Inna kuwa ta saki carbi ta damƙe mani dantse da hannu biyu tana salati.

"Inna, sakar mani hannu! Da me zan tuƙa?"

Abin da ya faɗo mani a rai a wannan lokacin, in na gaya maku sai kun yi dariya. Rowar man Abban Nafisa ce. Mutumin nan ko gangaren bakin kwata ya samu sai ya jefa giya a firi, wai yana tattalin mai, ni kuma kullum ina yi masa tsiya. Amma na sha gani da idona, in mota tana firi, ko ya taka totur ƙara kawai take yi, ba ta ja. Na kai hannu na tura giya zuwa firi. Injin ya kurma ihu kamar zai tarwatse, amma nan take na ji fizgar ta sake mu. Na haɗa ƙafafuna biyu bisa birki na miƙe a kansa, ban saki ba, ban yi ta dannawa ina ɗagawa ba. Takalmina na dama ya fita, ban san inda ya yi ba.

Gudun yana raguwa, amma shingen yana matsowa. Soja ɗaya yana ɗaga hannu yana ihu. Ɗayan ya durƙusa bayan buhuna ya saita bindiga. Bakin bindiga dai na gani da idona, yana kallon gilashina. Na danne hon, na karkata sitiyari dama, muka sauka daga kwalta muka faɗa gonar wani bawan Allah. Mota ta yi ta tsalle bisa kunyoyi, karan dawa yana dukan gilashi, itacen wankan jego yana ƙara a but. A cikin wannan tsalle-tsallen na ji ihun injin ya faɗi da kansa. Muka tsaya cak, jifa ɗaya tsakaninmu da shingen. Sannan na kashe ta.

"Ku fito! Hannu sama!"

Aka ga 'yan ta'addan da suka fito. Ni da takalmi ɗaya. Maman Bulus da miya tun daga wuya har cinya, bisa sabon leshi. Inna tana laluben carbi. Zakara kuma ya kwance ya bi ta taga ya shige cikin dawa, har yau ba mu sake jin labarinsa ba.

Sojan da ya saita mu yaro ne matashi, gumi yana zuba a fuskarsa. Ya nuna mani ɗan yatsansa ya ce da gurguwar Hausa, "Hajiya, ka sani saura kaɗan? Saura kaɗan!" Ni ban ga laifinsa ba, da ni ce a wurinsa ban san abin da zan yi ba. Inna ce kawai ta ga laifi.

"Kai ɗan nan, aje bindigar ga. Ba ka ganin tsohuwa?"

Babbansu ya zo, na yi masa bayani. Ya saurara da kyau, ya shiga motar, ya tayar. Wai kun san munafukar motar nan sai ta tashi lumui, tana ɗan gurnani kamar kyanwa? Ya ɗan taka totur, ya saki, ta sauka. Ya sake, ta sauka. Ya fito ya dube ni, ya dubi ƙafata marar takalmi. Kafin nan tirelar ta iso, motocin haya sun tsaya, maza sun kewaye mu. Direban tirelar ne ya yanke hukunci, yana sakace haƙori:

"Totur ta taka a madadin birki. Haka suke yi."

Kowa ya gyaɗa kai. Na rantse, na maimaita, na ce ga shaidata nan. "Maman Bulus, gaya masu, ba birki na taka ba?"

"Malama, ni fa tun da na ga bindiga na rufe ido."

Kun ji shaida! Na juya wajen Inna, ita kuma ta tafi neman zakara.

Na duba motar. Fenti kam ba gogewa ya yi ba, karan dawa ya yi masa zane tun daga gaba har baya, bamba kuma tana lilo. Na ƙi sake tuƙa ta sai an duba, don haka na kira Malam Sani, mijin Hauwa, ya zo daga Tsafe da bakanike. Bakaniken ya buɗe bonet, ya ja wannan, ya hura wancan, ya goge hannu ya ce lafiyarta ƙalau, ko shi zai so a ba shi ita. Ƙarƙashin ƙafar direba kuwa bai ko leƙa ba, tunda an riga an gaya masa inda ciwon yake.

Sai ga wayar Abban Nafisa. Don Allah ba zan yi masa ƙarya ba, ya fara tambayar lafiyar Inna, ya tambayi tawa, muryarsa har tana sarƙewa. Da ya tabbata ba wanda ya ji ciwo sai muryar ta koma yadda na san ta.

"Ba Malam Sani makullin."

"Abban Nafisa, wallahi motar ce ta..."

"Rakiya, ba shi makullin."

Na miƙa. Ban yi kuka da na ga bindiga ba, amma a nan sai da na juya baya na share ido. Ni na tsayar da motar nan, ni na fitar da mutum uku da rai, kuma ni ce mai laifi.

A Tsafe aka sauke mu ɗakin uwar mijin Hauwa, mu da mata baƙi cike da ɗaki, tabarma kan tabarma, kowa da ƙafar wata a haƙarƙarinta. Abinci kam ba laifi. Furarsu ta sha nono na gaske, ba irin tamu ta Gusau da ake nuna wa nono daga nesa ba. Aka kawo hoce da ɗatun zogale, na ci duk da baƙin cikina, don yunwa ba ruwanta da makulli. Amma mutanen Tsafe suna da wata al'ada da ba mu da ita. Mu a Gusau in abu ya same ki, a ce "Allah ya kiyaye gaba," a tashi. Su sai su gyara zama, su nemi labari tun daga tushe, in kin gama kuma kowace ta ba ki tata fassarar. Wata tsohuwa ta ce wannan wurin dama akwai mutanen ɓoye, ba a wuce shi ba da sallama ba. Wata ta ce baki ne, an gan ni da mota an sa mani ido. Wata amarya da ko keke ba ta taɓa hawa ba ta ce, "Ai an ce kusa da juna suke, birkin da ɗayan, ko?" Ranar suna kuwa jaririyar ma ba ta samu 'yan kallo kamata ba. Ana shigowa a ce barka, sai a ce, "Ina wadda ta tashi take sojojin?" Ni kuma ga ni zaune da silifas ɗin wanka da aka ara mani, ɗaya ya fi ɗaya girma.

Silifas ɗin ne ya ishe ni. Takalmina sabo ne, don sunan na saye shi. Da rana ta yi sanyi na ce wa Malam Sani ya ba ni makulli in ɗauko shi. Wai sai mutumin nan ya taso da kansa ya buɗe mani, ya mayar da makullin aljihu, ya koma gefe yana waya. Motata! Na haɗiye, na durƙusa, na zura hannu ƙarƙashin sitiyari. Na samu takalmin can ƙurya. Ina janyo shi sai bayan hannuna ya bugi wani abu yana reto daga sama, saitin ƙarfen totur.

Na kwantar da kai na leƙa. Laya ce. Ƙatuwa, ta kai kwalin ashana biyu a haɗe, an ɗinke ta da jar fata, tauri kamar dutse. An ɗaure ta can sama inda ido ba ya kaiwa. Gefenta ɗaya ya lotsa, da sawun ƙarfe a jiki. Na sa hannu na danna totur har ƙasa, sai layar ta zame ta faɗa cikin ramin da ƙarfen ya bari. Na saki. Totur ya zauna a ƙasa abinsa, bai taso ba. Sai da na buge ta da yatsa sannan ya dawo.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na dubi tsumman da aka ɗaure ta da shi, shuɗin saƙi, irin wanda aka ɗaure bakin ƙullin daddawa da shi a Bungudu. Ga goron da ya faɗi.

Na kwance ta na jefa a jaka, na ja Maman Bulus bayan rumbu na nuna mata. Ta dafe ƙirji, sannan ta fashe da dariya har tana riƙe bango.

"Shi ke nan, kin fita! Maigidanki yana isowa ki ajiye masa a gaba."

"In ce masa me? Uwarka ta tashi kashe mu?"

Dariyar ta tsaya. Ita ma ta san Abban Nafisa ba ya shiri da layu. An taɓa yin rigima a kan wata da Inna ta rataya wa Nafisa tana jaririya, sai da aka daɗe uwa da ɗa ba sa gaisuwar kirki. In na fito da wannan a gidan suna, a gaban surukan Hauwa, na tona wa tsohuwa asiri, kuma har abada ni ce matar da ta shiga tsakanin ɗa da uwa. In na yi shiru, kabu-kabu. Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba: ga gaskiyata a cikin jaka, ina rungume da ita, ba halin in buɗe. Abban Nafisa ya iso, ya zagaya motar yana duba zanen kara yana girgiza kai, na gaishe shi, na ja bakina na tsuke.

Washegari da hantsi muka juyo. Shi ke tuƙi, Inna a gaba, ni da Maman Bulus a baya da ƙullin naman suna. Tun daga fitar gari Abban Nafisa ya buɗe mani makaranta.

"Ba wai ina ganin laifinki ba ne. Halitta ce. Firgici in ya zo, ƙafa ba ta tambayar kai."

Na ce, "Haka ne."

Muka iso shingen nan, sojan ya gane mu, ya washe baki. "Hajiya direba! Oga, gara da ka karɓa." Abban Nafisa ya yi dariya har da dukan sitiyari. Maman Bulus ta matse mani hannu, ni kuma na matse jaka.

Mun ɗan wuce sai na lura Inna ba ta zaune daidai. Ta sunkuya ta leƙa wajen ƙafafunsa, ta ɗago. Ta sake sunkuyawa.

"Inna, lafiya?" in ji Abban Nafisa.

"Tsaya."

"Inna, nan ba wurin tsayawa ba ne."

"Na ce ka tsaya!"

Ya lallaɓa har wani ƙauye mai 'yan rumfuna bakin titi, inda akwai mutane, ya tsaya. Inna ta fita, ta zagayo, ta ce ya sauka. Ta durƙusa a wurin da na gan ta a Bungudu, ta zura hannu tana lalube. Ta ɗago fuskarta a firgice.

"Ba ta nan! Tun jiya nike jin jikina. Muna bisa hanyar ga tsirara! Wa ya ɗauke ta?"

"Wa ya ɗauke me, Inna?"

Sai ta juyo ta kalle ni. To, tunda mai abu ta yi cigiya da bakinta, ni me nawa? Na buɗe jaka na fito da ita. Abban Nafisa ya karɓa yana juya ta, fuskarsa ta haɗe. Ban ce Inna ba, ban ce kowa ba. Na ce, "Motar a kashe take. Ka riƙe ta can sama inda tsumman ya bar sawu, ka danna totur da hannu har ƙasa, ka saki."

Ya durƙusa da farar shaddarsa a cikin ƙasa. Ya danna, ya saki. Totur ya zauna. Ya buge, ya sake dannawa, ya sake zama. Ya daɗe a durƙushe a wurin, kansa a ƙarƙashin sitiyari, ina jin ba totur yake kallo ba, inda zai sa fuskarsa yake nema.

Da ya miƙe ya ce, a hankali, "Inna, wannan abin ne ya riƙe totur. Shi ya tashi kashe ku."

"Kashe mu? To mun mutu? Bindiga na kallonmu ba ta tashi ba. Mota ta shiga gona ba ta kihe ba. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Wa kake tsammani ya tsare mu?"

"Allah ne ya tsare ku, Inna."

"Allah na, amma da sababi."

Maman Bulus ta cusa gyale a baki, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa haushin kwana biyu ya taso mani har wuya, na ce yau ko surukuta za ta ɓaci sai na yi tambaya ɗaya.

"Inna, duk faɗin motar nan, me ya sa sai a nan?"

"An ce a aza ta inda ƙahwar mai tuƙi take." Ta kakkaɓe gwiwa, ta nuna ɗanta da haɓa. "Shi wanga ya daɗe yana tuƙi, kuma ya hana a yi mashi. Ke na yi wa. Za ki hau hanyar Tsahe karon hwarko, uwarki ba ta da rai. In ban ji maki tsoro ba, wa za ya ji maki?"

Ku gaya mani, don Allah, da wa zan yi faɗa? Duk maganganun da na tara tun daga bayan rumbu suka watse, na tsaya da jaka a buɗe kamar wawuya, hawaye yana zubo mani. Abin ya ƙara ba ni haushi, don ko fushin ma an hana ni in yi shi yadda ya kamata.

Abban Nafisa ya kakkaɓe shaddarsa, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya miƙo mani makulli ba tare da ya kalle ni ba.

"Bayana ke ciwo. Ƙarasa da mu."

Wannan shi ne ban haƙurin, kada ku jira wani, ni ma ban jira ba. Na shiga na zauna, shi ya koma baya wajen naman suna. Har muka sauke Maman Bulus a Sabon Gari, muka kai Inna Bungudu, ban ji an sake maganar halitta ba.

To, kun ji yadda aka yi. Ku masu tuƙi, in ta taɓa kwasa da ku, Allah ya kiyaye, ku tsaya bisa birki kada ku saki, ku jefa ta firi, ku nemi gefen titi, sai ta tsaya sannan ku kashe. A Tsafe har gobe ni ce wadda ta tashi take sojoji. A Bungudu kuwa Inna ta gama gari da labarin yadda layarta ta ƙwace mu daga bakin bindiga, in ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Rakiya?" sai in ce, "Haka ne, Inna."

Makulli yana cikin jakata. Layar ma tana ciki, domin a nan aka yi sulhu za ta zauna, kuma Inna takan duba. Amma in kun ga ina durƙushe a ƙofar gida da safe, kaina a ƙarƙashin sitiyari, kada ku tambaye ni abin da na yar. Ranar da muka sauke Inna a Bungudu, ina juya mota, da kunnena na ji ta ja ɗanta gefe tana tambayarsa, a cikin ƙarafan nan biyu, wanne ne birkin.